A Auna Kafin A Taɓa: Doki Nawa Ne A Cikin Injinka?

Darasin wannan karo ya ci kwali fiye da yadda muka saba, saboda haka wanda ƙararrawa ta katse wa karatu ya dawo lokacin tara ya ƙarasa, ya zo da biro da takarda, domin akwai lissafi a ciki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar bakaniken babur, ko a Tudun Wada nan Gusau, ko bakin tashar Tsafe, ko ranar kasuwa a Bungudu, ya san yadda abin yake tafiya. Mai babur zai ce, "Oga, a ɗan ƙara masa ƙarfi, ba ya ja." Oga zai ce, "An gama, ranka ya daɗe." Sai a zare soson tace iska, a buɗe kabireta a canza jet, wani har a fasa salansa a fitar da abin da ke cikinta. A tayar da injin, ƙara ta cika layi, mai babur ya yi murmushi ya biya. Tambaya ɗaya ce ba a yi: ƙarfin nan nawa ne kafin a taɓa, nawa ne yanzu? Babu wanda ya auna jiya, don haka babu wanda zai iya rantsuwa cewa yau ya fi.

Wannan ba maganar sha'awa ba ce kawai. Da yawa daga cikinmu kuɗin makarantarsu daga injin yake fitowa: babur ɗin yaya da ke kabu-kabu, injin ban ruwan baba a fadama, injin markaɗen inna a zaure. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kowace lita da injin ya sha a banza ana jin ta a tukunyar gida. Gyaran da ya ƙara shan mai bai ƙara aiki ba, asara ce da za a riƙa biya kullum har ranar da aka gane.

Wane doki ake nufi?

A ajin Fiziks an koya mana cewa aiki shi ne ƙarfin ja ko turi sau nisan da abu ya motsa. Ƙarfin aiki kuwa shi ne yawan aikin da aka yi a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma da wat ake auna shi. Sunan wat ɗin daga James Watt aka samo shi, mutumin Sikotlan da ya rayu daga 1736 zuwa 1819, wanda ya inganta injin tururi. Masu ma'adinai da masu masaƙu na zamaninsa da dawakai suke aiki, kuma abin da suke son ji shi ne injin nan zai maye musu gurbin doki nawa. Sai Watt ya tsayar da ma'auni: doki ɗaya shi ne ɗaga nauyin fam 33,000 tsawon ƙafa ɗaya a cikin minti ɗaya. A ma'aunin da muke karatu da shi, wannan ya kama wat 746, wato kamar a ɗaga kilo 76 sama tsawon mita ɗaya a kowace daƙiƙa. Ku ƙiyasta buhun siminti ɗaya da rabi yana tashi mita ɗaya duk daƙiƙa, ba hutawa.

Mu auna kanmu mu gani. A ɗauka ɗaliba ta jawo guga mai kilo 10 daga rijiya mai zurfin mita 15 a cikin daƙiƙa 20. Lissafin shi ne 10 × 9.8 × 15 ÷ 20, ya ba mu wat 73.5. Kashi ɗaya cikin goma na doki ke nan, kuma kusan iyakar abin da mutum mai lafiya zai iya jurewa ke nan idan aikin na yini ne. Ɗalibi mai kilo 50 da ya haura matakala mai tsayin mita 3 a guje cikin daƙiƙa 4 ya fitar da wat 367, kusan rabin doki, amma a ce ya maimaita sau ashirin a ga yadda zai koma. Shi kansa dokin gaske, idan ya zabura, yakan kai kusan doki 15 na 'yan daƙiƙu. Ma'aunin Watt na aikin yini ne, ba na sukuwar hawan sallah ba.

Murɗa daban, ƙarfi daban

Nan ne mutane da yawa suke rikicewa, har da manya, don haka za mu ɗan daɗe a wurin. Injin ba ya ɗaga kaya kai tsaye, juya sanda yake yi. Abin da ke juya sandar shi ake kira ƙarfin murɗa. Ku tuna mai faci idan noti ya ƙi kwancewa: sai ya zura bututun ƙarfe a bakin sifana ya ƙara mata tsawo, noti ya saki. Hannunsa bai ƙara ƙarfi ba, tsawon ne ya ƙara murɗa. Idan ka danna sifana mai tsawon mita 0.3 da nauyin kilo 10, wato kusan niyuton 100, ka yi murɗa ta niyuton-mita 30.

To ga abin mamaki. Babur ɗin Bajaj Boxer mai cc 100, wanda ya cika titunanmu, murɗar injinsa mafi girma ba ta wuce kusan niyuton-mita 8 ba. Hannunka da sifana ya ninka shi kusan sau huɗu! Me ya sa ke nan shi yake ɗaukar mutum biyu da buhun gero, kai ba ka iyawa? Saboda kai sau ɗaya ka murɗa ka tsaya kana haki, shi kuwa yana maimaita tasa murɗar sau dubbai a minti ɗaya. Ƙarfin aiki shi ne murɗa haɗe da saurin juyi. Ga ƙa'idar, ku kwafe ta:

Ƙarfi a kilowat = murɗa a niyuton-mita × juyi a minti ÷ 9,549

A ɗauka injin yana murɗa 8 a juyi 4,500 a minti: 8 × 4,500 ÷ 9,549 ya ba da kilowat 3.8, kusan doki 5. Idan aka ƙara wuta ya kai juyi 7,500, murɗar takan ɗan sauka, a ce 7.6, amma ƙarfin ya hau zuwa kilowat 6, wato doki 8, wanda shi ne kusan abin da kamfanin ke rubutawa. Wannan ya nuna mana cewa injin ba shi da lamba ɗaya. A kowane saurin juyi ƙarfinsa daban ne, kuma lambar da ake bugawa a takarda ita ce ƙololuwa, wurin da mai babur ba ya kaiwa sai jefi-jefi. Giya kuma aikinta musanya ne: ta karɓi juyi mai sauri da murɗa kaɗan, ta mayar da shi juyi a hankali da murɗa mai yawa. Ba ta ƙirƙirar ƙarfi, ko na anini.

Na'urar da ke auna doki

Sunanta dainamomita. Mafi tsufa a cikin masu auna injin ita ce wadda wani Bafaranshe, Gaspard de Prony, ya ƙirƙiro a 1821, kuma sauƙinta zai ba ku mamaki. Katako biyu ne ake matse sandar injin da su kamar birki, a haɗa su da wani dogon hannu, ƙarshen hannun ya kwanta a kan sikeli. Injin yana juyawa yana ƙoƙarin tafiya da katakon, hannun yana danna sikeli. Abin da sikeli ya nuna sau tsawon hannun shi ne murɗa. A ƙirga juyi a minti, a sa a ƙa'idar da ke sama, an sami ƙarfi. Matsalarta zafi, domin duk ƙarfin injin a kan katakon yake ƙonewa. A 1877 William Froude na Ingila ya fito da wadda ke amfani da ruwa a madadin katako, daga baya aka sami masu birki da maganaɗisun lantarki. Dabarar dai ɗaya ce har yau: a tare injin da wani abu, a auna yadda yake turewa.

Za mu iya yin ta Prony a ɗakin gwaje-gwaje, da izinin malami. A kifa keke, a cire taya da tib daga gargaren baya, a ratsa igiya a kansa, a ɗaura kowane baki na igiyar a sikelin rataye. Wani ya juya feda da hannu, wani ya karanta sikelin biyu, wani ya ƙirga juyi da agogo. Idan bambancin sikelin biyu niyuton 20 ne, daga tsakiyar gargare zuwa bakinsa mita 0.3, murɗa ta zama 6. Idan gargaren na juyi 120 a minti, 6 × 120 ÷ 9,549 ya ba da kilowat 0.075, wato wat 75. A keke kawai muka ce. Kada wani ya kuskura ya ratsa igiya a injin mai fetur, domin kafin ka ƙifta ido ta naɗe hannu.

Ga mota da babur akwai wata iri da ba sai an sauke injin ba. Ana hawa da motar kan wasu manyan gangunan ƙarfe da aka binne a daɓe, tayoyin da ke ja su zauna a kai, a ɗaure motar tamau da bel ta gaba da baya, a kunna babbar fanka a gabanta don kada ta yi zafi tunda a tsaye take. Direba ya sa giyar da juyin injin da na sandar baya suka zo kusan ɗaya, wadda a motoci da yawa ita ce ta huɗu, ya taka totur har ƙasa daga wajen juyi 2,000 zuwa jan layi. An san nauyin gangar, don haka kwamfuta tana duba yadda saurinta ke ƙaruwa ta lissafo ƙarfi a kowane mataki, ta zana layi biyu, na murɗa da na doki. Akan kuma sa wani ma'auni a bakin salansa da ke nuna yawan iska da mai da injin ke haɗawa. Fetur yana ƙonewa tas idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, ƙarfi mafi girma kuma yakan fito a wajen 12.5 zuwa 13. Ba a yarda da gwaji ɗaya, akan yi uku a jere a ga sun yi kusa da juna.

Darasi daga masu manyan motocin Amurka

A Amurka akwai wasu motoci da suka yi tashe daga 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya sa injin mai silinda takwas da girman lita 6.4 a cikin matsakaiciyar mota ya kira ta GTO, aka rubuta mata doki 325. Su Dodge Charger da Ford Mustang duk 'yan wannan zamani ne, kuma har gobe masu su ba sa barin su yadda suka fito daga kamfani. Amma masu hankalin cikinsu suna da al'ada guda da ta dace mu ara: kafin a kwance noti ko ɗaya, sai an kai motar kan dainamomita an auna ta yadda take. Wannan awon farko shi ne tushen duk wani lissafi da zai biyo baya.

Ga dalili. Kamfani a jikin injin yake auna doki. Kafin ƙarfin ya isa taya sai ya bi ta giya da sanduna da haƙoran baya, kowanne ya ci rabonsa, kuma akan ƙiyasta asarar a wajen kashi 15 cikin 100. Motar da aka rubuta wa doki 300 za ta iya nuna 255 a taya, lafiyarta ƙalau. A ce mai ita bai yi awon farko ba, ya kashe kuɗi ya canza kaya, aka auna aka ga 270. Zai kama kai ya ce an cuce shi doki 30, alhali ribar 15 ya samu. A juya labarin kuma: motarsa na da matattun fulogi, da an auna da 230 za a gani. Aka sa mata sabuwar salansa mai tsada, aka canza fulogi a rana ɗaya, ta nuna 255. Zai yi ta yabon salansa a majalisa, alhali fulogi masu arha ne suka yi aikin. Shi ya sa suke da ƙa'ida ta biyu: a fara gyara abin da ya lalace, sannan a auna, sannan a canza abu ɗaya tak a sake aunawa.

Lambar da ke jikin injin ma ba a rantse da ita

Kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna injin ne tsirara, babu matatar iska, babu cikakkiyar salansa, babu kayan da yake ja a cikin mota. Daga shekarar suka koma auna shi da kayansa duka. Shahararren injin Hemi na kamfanin Chrysler, a 1971 an rubuta masa doki 425 a tsohon awo, 350 a sabo. Injin ɗaya, mudu biyu. Haka aka sake yi bayan an tsaurara ƙa'idar: Toyota Camry mai injin lita 3.0, irin wadda ake yi wa laƙabi da Big Daddy a nan Najeriya, an rubuta mata 210 a 2005, aka koma 190 a 2006.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne, yana cikin fadamunmu. Injin Honda GX160, wanda shi da masu kwaikwayonsa ke jan famfunan ban ruwa da injinan markaɗe, an san shi da lambar 5.5 da ake mannawa a jikinsa. Amma a awon da ake yi da kayansa duka, Honda da kanta ta rubuta kilowat 3.6, wato doki 4.8, a juyi 3,600 a minti. Wannan na asali ke nan, sabo. Na kwaikwayo da ya shekara uku yana shan ƙura, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinsa. Ƙaramin janaretan nan ma da aka rubuta wa 950, galibi abin da yake iya riƙewa na tsawon lokaci a wajen wat 650 ne. Wanda ya jona masa dutsen guga ya riga ya san wannan ba tare da lissafi ba.

Sai kuma iska. Injin iska yake shaƙa, kuma yawan iskar da ta shiga shi ke iyakance man da zai iya ƙonawa. Gusau tana kimanin mita 450 sama da teku, don haka matsin iskarmu ya gaza na Legas da kusan kashi 5 cikin 100. Zafi ma yana sirantar da iska: tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da tsakar ranar Afrilu mai digiri 40, nauyin iska ya bambanta da kusan kashi 8 cikin 100, abin da zai iya rage ƙarfin injin da kashi 4 ko 5. Masu dainamomita suna gyara lissafinsu ya koma kan digiri 25 saboda wannan. Mu da ba mu da kwamfutar gyara, mafita ita ce mu yi awon farko da na biyu a lokaci iri ɗaya na yini, kuma kada mu bari makonni su shiga tsakani.

Mu koma rumfar bakanike

Ba muna raina kanikawanmu ba ne. Akwai wanda da kunne kaɗai zai gaya maka bawul ya buɗe, kuma gaskiyarsa. Amma kunne yana gane cuta ne, ba ya ƙirga doki. Mu bi gyare-gyaren da aka fi yi da lissafi.

Borin, wato faɗaɗa ramin fistin a sa wanda ya fi girma. A ɗauka faɗin ramin milimita 50 ne aka ƙara rabin milimita. Girman injin yana tafiya da faɗi sau faɗi, don haka 50.5 × 50.5 ÷ (50 × 50) ya ba da 1.02. Ƙarin kashi 2 cikin 100 ke nan, cc 100 ta koma 102. Wannan bai kai bambancin safiyar hunturu da ranar bazara ba. To me ya sa mai babur yake jin canji sosai bayan borin? Saboda tsohon fistin da ringinsa sun cinye, matsi yana zurarewa, sabon ya toshe kafar. Ƙarfin da ya ɓata ne ya dawo. Borin magani ne mai kyau ga injin da ya gaji, amma yi wa lafiyayyen injin don neman gudu cinye naman bulo ne a banza.

Canza sifoket ɗin baya, a ce daga mai haƙora 42 zuwa mai 45, yana ƙara murɗar taya da kusan kashi 7 cikin 100, ya kuma rage saurin juyinta da kusan hakan. Doki bai ƙaru ba. Ga mai ɗauko buhuna daga ƙauye a hanyar yashi, wannan musanya ce mai ma'ana. Ga mai doguwar tafiya a kwalta, injin zai riƙa juyi fiye da da a gudu ɗaya, mai ya tafi.

Fasa salansa kuwa, Hausawa sun riga sun yanke hukunci: ba girin-girin ba, ta yi mai. Kamfani ya daidaita tsawon bututun da jet ɗin kabireta su yi aiki tare. Idan aka fasa ɗaya aka bar ɗaya, haɗin iska da mai ya karkace, sau da yawa jan ƙasa-ƙasa da ake buƙata a cikin gari shi ke raguwa. Kunne kuma yana yaudarar jiki, duk abin da ya fi ƙara sai a ji kamar ya fi gudu. Maƙwabta da masu jinya a gida su ke biyan sauran kuɗin.

Wanda ya fi ba mu takaici shi ne zare soson tace iska. A ƙasar da hunturu ke rufe rana da ƙura, wannan daidai yake da ɗura wa injin yashi da cokali. Ƙurar tana haɗuwa da baƙin mai ta zama kamar sanfefa, ta ci ringi da bangon silinda. Idan soson ya toshe, wanke shi za a yi ko a sayi sabo, kuma sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya dawo da jan da ake kuka a kai.

Awon farko na mai ƙaramin ƙarfi

Dainamomita na'ura ce mai tsada, ba abin da bakaniken unguwa zai ajiye ba. Amma abin da muke nema shi ne lamba kafin gyara da lamba bayan gyara, waɗanda aka samo ta hanya ɗaya, kuma wannan yana hannunmu.

Injin ban ruwa shi ya fi sauƙi, domin aikinsa a fili yake. A sami durom mai lita 200, a auna tsayi daga fuskar ruwan gulbi zuwa bakin tiyo, a sa totur a wuri ɗaya a yi masa alama, a bar injin ya yi ɗumi, sannan a ƙirga daƙiƙun da durom ke ɗauka ya cika. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan tsayin mita 5 ne, durom ya cika a daƙiƙa 25, to 200 × 9.8 × 5 ÷ 25 ya ba da wat 392, rabin doki da ɗoriya kaɗan. Kada wannan ya tsorata ku. Ba shi ne ƙarfin injin duka ba, rabon da ya tafi wajen ɗaga ruwa ne kawai, saura ya tafi a gogayyar ruwa da tiyo, da cikin famfon, da feshin da ruwan ke yi a baki. Shi ya sa tiyo mai lanƙwasa ko mai yoyon iska ke cinye man manomi a ɓoye. A yi sau uku a ɗauki matsakaici. Sannan a kashe injin, a bari ya huce, a zuba masa lita ɗaya da ma'aunin gida wanda aka tabbatar da shi, ba kwalbar 'yan bumburutu ba, a ga minti nawa zai yi.

Wannan awo yana da amfani musamman yanzu da manoman rani da yawa a Arewa ke mayar da injinansu su koma aiki da gas ɗin girki saboda tsadar fetur. Gas yana shiga injin ne a matsayin iska, yana cin wurin da iskar shaƙa za ta zauna, don haka ƙarfi yakan ɗan ragu. Ko ragin ya kai a damu, ko sauƙin kuɗin ya rufe shi, awo ne kaɗai zai faɗa: a ɗora tukunyar gas a sikeli kafin aiki da bayan aiki. A ajiye ta a tsaye a inuwa, a duba mahaɗarta da ruwan sabulu, ba da ashana ba.

Ga babur, a cika tanki zuwa wata alama, a rubuta lambar kilomita da ke kan mita, a yi aikin da aka saba na kwana uku, a sake cikawa zuwa alamar a rubuta litar da ta shiga. Kilomita raba lita, an sami lambar farko. Idan mitar ta mutu, kamar yadda ta mutu a rabin baburan garin nan, wayar hannu mai taswira za ta iya ƙirga nisan. A rubuta iskar taya da yanayin sarƙa, domin taya mai laushi da busasshiyar sarƙa suna cin doki. Idan bakanike yana da ma'aunin matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi, a auna a rubuta. Ba mu ce kowa ya hau titi ya gwada iyakar gudu ba. Allurar mita ba doki take nunawa ba, iska da gangara da nauyin mahayi duk suna juya ta. Kuma halin da hanyar Gusau zuwa Tsafe take ciki, daga wajen duwatsun Kwatarkwashi zuwa gaba, kowa ya sani, ba wurin gwaji ba ce. Allah ya kawo mana zaman lafiya. Ɗalibi aikinsa riƙe biro da agogo, tuƙi na mai lasisi ne.

Tambayar wannan fitowa

Wani manomi a bakin gulbi kusa da Bungudu ya yi awon farko: da fetur, durom mai lita 200 yana cika a daƙiƙa 25 a tsayin mita 5, lita ɗaya kuma tana yi masa minti 45. Bayan ya koma gas, durom yana cika a daƙiƙa 28, kilo ɗaya na gas yana yi masa minti 60. Lambobin na misali ne. Wat nawa ruwan ke samu bayan canjin, kuma kashi nawa cikin 100 ya ragu? Durom nawa lita ɗaya ke cikawa, durom nawa kilo ɗaya ke cikawa? Ku tambayi farashin litar fetur da kilon gas a unguwarku a wannan makon, ku lissafo kuɗin cika durom ɗaya ta kowace hanya, ku faɗi wadda ta fi masa sauƙi. A rubuta suna da aji, a nuna matakan lissafi, a jefa a akwatin ƙungiya da ke ƙarƙashin wannan allo kafin tashin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshi uku da suka fi tsabta a fitowa ta gaba.